Ƙwayar Bitamin: Inda Take Ceton Rai da Inda Take Wuce Gona da Iri

Duk wanda ya saba shiga kemis-kemis ɗin da ke bakin titin Sakkwato a Samaru, ko waɗanda suka kewaye kasuwar Sabon Gari, ya san kantar da ta fi kowace ɗaukar ido. Ita ce ta robobi masu launi-launi da kwalabe masu hoton lemo: bitamin C, haɗin bitamin B, maganin ƙarin jini, man kifi, da ƙwayar da aka ce ta tattara bitamin goma sha wani abu a cikinta ita kaɗai. Ba a tambayar takardar likita kafin a sayar. Ɗalibi zai shigo lokacin jarrabawa ya ce, "Oga, ba ni wanda ke buɗe ƙwaƙwalwa." Yaro zai zo da kuɗi a dunƙule a hannu: "Wai in ji Mama a ba da maganin cin abinci na yara." Magidanci kuma ya jingina da kanta ya ce, "Malam, jikin nan duk a mace yake, ina jin jinina ne ya yi ƙasa."

Yawancin masu sayen nan ba kwance suke ba. Riga-kafi suke nema, kuma kowa ya tashi da jin cewa riga-kafi ya fi magani. Abin tambaya shi ne ko ƙwayar bitamin tana yin riga-kafin da ake sayenta dominsa. An shafe shekara arba'in ana gwada wannan a kan dubban ɗaruruwan mutane, daga ƙauyukan Indunusiya da Gana har zuwa Finlan da Amurka, kuma amsar ta rabu gida biyu. A wani gidan, ƙwayar da ba ta kai kuɗin ƙosai ba ita ce ta hana yara mutuwa. A ɗaya gidan, masu shanta sun fi waɗanda ba su sha ba kamuwa da cutar da suke gudu. Dukkan amsoshin biyu gaskiya ne, kuma abin da ya raba su shi ne wanda aka bai wa.

Aikin bitamin a jiki

Bitamin guda 13 ne, kuma kaɗan jiki ke bukata daga kowane, wani ma ba ya kai nauyin ƙwayar gero a rana. Jiki ba ya iya haɗa yawancinsu da kansa, sai ta hanyar abinci. Idan ɗaya ya yi ƙaranci, akwai cutar da ke biyo baya: rashin bitamin A na kawo dundumi, daga nan ido ya bushe har ya kai ga makanta, rashin bitamin C na sa dasashi ya riƙa zubar da jini, rashin folik asid ko B12 na jawo ƙarancin jini. Sun kuma kasu biyu. Bitamin C da yawancin dangin B suna narkewa a ruwa, abin da ya yi saura yana fita ta fitsari; shi ya sa mai shan haɗin bitamin B ke ganin fitsarinsa ya koma rawaya sosai, har ya ɗauka alamar magani na aiki ce. Su kuwa A da D da E da K a mai suke narkewa, jiki yana adana su a hanta da kitse, saboda haka suna iya taruwa.

Manomin Bomo ko Basawa ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ya san gonar da ta gaji in ta sami taki farfaɗowa take yi, gonar da ta ƙoshi kuma ƙarin buhu ba ya ƙara mata dami, in ma aka zabga wa shuka yuriya fiye da kima ƙonewa take yi. Duk muhawarar bitamin a kan wannan ƙa'ida take tafiya.

Inda amfani ya tabbata

Babban misali shi ne bitamin A ga ƙananan yara. A farkon shekarun 1980 wani likitan ido na Jami'ar Johns Hopkins, Alfred Sommer, ya lura cewa yaran Indunusiya masu dundumi sun fi sauran mutuwa. Ya jarraba ba da ƙwayar bitamin A mai ƙarfi duk bayan wata shida a ƙauyuka 450 na lardin Aceh, aka fitar da sakamakon a 1986: mace-macen yara ya ragu da kusan kashi 34 cikin 100. Masana da yawa ba su yarda ba, don abin ya yi kama da tatsuniya. Aka sake gwadawa a wurare daban-daban, ciki har da gundumar Kassena-Nankana a arewacin Gana, ƙasar da yanayinta da cimarta ba su da nisa da namu. Sakamakon da ya fito a 1993, a kan yara sama da 20,000, ya nuna raguwar kashi 19 cikin 100.

Ba duk gwaji ne ya ba da irin wannan adadi ba. Wanda ya fi kowane girma, na yara miliyan ɗaya a jihar Uttar Pradesh ta Indiya da aka wallafa a 2013, ya sami raguwar kashi 4 kacal, wadda ma ba za a iya rantsewa cewa ba dace ba ce. Da aka tattara gwaje-gwajen gaba ɗaya a 2017, lissafin ya tsaya a kan kashi 12 cikin 100. Ko da an ɗauki wannan ƙaramin adadi, ribar tana da yawa ga Nijeriya, ƙasar da bincikenta na abinci na 2001 zuwa 2003 ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin bitamin A. Wannan ne dalilin ɗigon da ma'aikatan lafiya ke matsa wa yara a baki a makon lafiyar mata da yara, sau biyu a shekara: shuɗiyar ƙwaya ga 'yan wata 6 zuwa 11, ja mai ninkin ƙarfinta ga 'yan shekara ɗaya zuwa biyar. Haka nan yaron da ƙyanda ta kama, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba shi bitamin A kwana biyu a jere, domin ƙyanda na cinye wanda ke jiki, kuma ita ce ta makantar da yara da yawa a ƙasar nan.

Misali na biyu folik asid ne. A cikin kwana 28 na farkon shigar ciki ake kammala rufe bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar bayan jariri. Idan bai rufu ba, a haifi yaro da ƙari a gadon baya, ƙafafu a shanye, ko a haife shi ba cikakken kai. Gwajin da Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta jagoranta, wanda ya fito a 1991, ya nuna cewa folik asid ya rage maimaituwar wannan nakasa da kashi 72 cikin 100 ga matan da suka taɓa haihuwar irin yaran. Sakamakon ya fito fili har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa, don ba daidai ba ne a ci gaba da hana wasu matan. Matsalar a wurinmu ita ce lokaci: mace ba ta zuwa awo sai ciki ya yi wata huɗu ko biyar, alhali aikin folik asid a wannan fanni ya wuce tun kafin ta tabbatar da ɓatan wata.

Na uku shi ne sinadarin ayon, wanda ba bitamin ba ne amma kanta ɗaya suke zama. Ƙidayar lafiya ta Nijeriya ta 2018 ta gano kashi 58 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa da kashi 68 na ƙananan yara suna da ƙarancin jini. Mai cikin da ta shiga naƙuda da jini ƙasa, zubar jinin da wata za ta jure ita tana iya kai ta kushewa. Don haka ake ba masu ciki ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikurogiram 400 kullum.

Akwai kuma waɗanda wata jinya ce ta buɗe musu giɓi. Masu shan maganin tarin fuka, irin waɗanda ake kula da su a cibiyar Saye da ke nan Zariya, ana haɗa wa da yawansu bitamin B6, domin ɗaya daga cikin magungunan, isoniyazid, yana rage shi har ƙafa ta riƙa zafi da mutuwa. Mai ciwon suga da ya daɗe a kan metfomin B12 ɗinsa na iya yin ƙasa. Masu amosanin jini ana ba su folik asid saboda jikinsu kullum cikin ƙera sabon jini yake. Jariri sabon haihuwa ana yi masa allurar bitamin K don kada jini ya ɓalle masa. A duk waɗannan an san abin da aka rasa, an san wanda ya rasa, an kuma san gwargwadon da za a ba shi.

Inda aka sa rai aka sha mamaki

Ganin irin wannan nasara ya sa aka yi wani lissafi mai sauƙi: in kaɗan ya warkar da mai rashi, mai yawa zai kare mai lafiya. Wanda ya fi kowa yaɗa wannan ra'ayi shi ne Linus Pauling, masanin kimiyyar haɗa sinadarai da ya ci kyautar Nobel har sau biyu. A 1970 ya fitar da littafi yana cewa bitamin C mai yawa na hana mura. Darajar sunansa ta sa duniya ta karɓa, kuma har yau ra'ayinsa ne ke sa a wawashe bitamin C da zarar hunturu ya kama. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi tun daga lokacin, sai aka ga shan bitamin C kullum ba ya rage yawan kamuwa da mura ga gama-garin mutane. Abin da yake yi shi ne rage tsawonta da kusan kashi 8 cikin 100 ga manya, wato murar mako guda ta ragu da kamar rabin yini. A zamanin korona ma an yi rububinsa tare da zinki; wani gwaji da aka yi a Amurka aka wallafa a 2021 bai ga sun gajarta kwanakin ciwon ba.

Wannan asarar kuɗi ce kawai. Abin da ya faru da beta-karotin ya fi haka muni. Shi ne sinadarin da ke ba karas da mangwaro launinsu, jiki kuma yana mayar da shi bitamin A. An daɗe da lura cewa masu yawan cin ganye da 'ya'yan itace ba su cika kamuwa da sankarar huhu ba, sai aka ce to a ciro sinadarin a dunƙule shi a ƙwaya a ba masu shan taba. A Finlan aka ɗauki maza mashaya sigari 29,133, aka ba wasu ƙwayar, wasu kuma aka ba su wadda ba komai a cikinta. Da sakamako ya fito a 1994, sankarar huhu ta fi yawa da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha beta-karotin. Aka zaci kuskure ne. Sai wani gwajin a Amurka, na mutum sama da 18,000, ya nuna ƙarin kashi 28 na sankarar huhu da ƙarin kashi 17 na mutuwa, dole aka dakatar da shi a farkon 1996.

Bitamin E ma haka. An ba maza sama da 35,000 shi ko sinadarin seleniyam da fatan kare su daga sankarar furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Rahoton 2011 ya nuna masu shan bitamin E kaɗai sun fi kamuwa da kashi 17 cikin 100. Bitamin D, wanda aka yi ta yayatawa a 'yan shekarun nan, an gwada shi a kan Amurkawa kusan 26,000 na tsawon shekara biyar. A 2018 aka bayyana cewa bai rage sankara ba, bai rage ciwon zuciya ba.

Adalci ya sa a faɗi abin da ke ɗaya hannun. Wani gwaji da ya bi likitoci maza 14,641 sama da shekara goma ya sami raguwar sankara da kashi 8 cikin 100 ga masu shan ƙwayar haɗin bitamin ta yau da kullum, ko da yake bai ga wani bambanci a ciwon zuciya ba. Irin wannan ƙwaya mai ɗan ma'auni ba a same ta da wata babbar illa ba. Amma da kwamitin da ke ba Amurka shawara kan riga-kafi ya auna duk hujjojin a 2022, hukuncinsa shi ne: kada a sha beta-karotin ko bitamin E don gudun sankara ko ciwon zuciya, ita kuma ƙwayar haɗin babu isasshiyar hujjar da za a ce a sha ko a bari.

Me ya sa ganye ya yi abin da ƙwaya ta kasa? Na farko, mai cin zogale da gwanda ba sinadari ɗaya yake ci ba, ɗaruruwa ne tare da dusar da ke gyara hanji, kowane a ɗan ma'auninsa. Na biyu, mutumin da ya damu da cin ganye sau da yawa shi ne wanda ba ya shan taba, yake motsa jiki, yake zuwa asibiti da wuri. Sai aka jingina wa bitamin ladar da ta dukkan rayuwarsa ce.

Haɗarin da ya fi kusa da ƙofarmu

Mai karatu na iya cewa waɗancan Turawa ne ƙosassu, mu nan rashi ne ya yi mana yawa, don haka kowa ya sha. Nan ma akwai gyara, kuma hujjojin daga Afirka suka fito.

A tsibirin Pemba na Zanzibar, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, an ba ƙananan yara ayon da folik asid ba tare da an tantance mai ƙarancin jini da marar shi ba. Rahoton 2006 ya nuna waɗanda suka sha sun fi sauran kwanciya asibiti ko mutuwa da kashi 12 cikin 100, aka tsayar da wannan ɓangare na gwajin. Ƙwayar cutar maleriya da wasu ƙwayoyin cuta su ma ayon suke nema. Tun daga nan shawarar ita ce a ba yara ayon a inda ake haɗa shi da gidan sauro da gwaji da maganin zazzaɓi. Uwar da ke ɗura wa ɗanta maganin ƙarin jini da damina, jikinsa da zafi, ba a yi masa gwaji ba, ya kamata ta san wannan.

Folik asid ɗin ma da aka yaba yana da sharaɗi. Ƙaramar ƙwayar nan rawaya da ta cika kemis miligiram 5 ce, ta ninka abin da mai ciki ke bukata kullum fiye da sau goma. Masu ciki kuma ana ba su Fansidar a wurin awo don kare su daga maleriya, shi kuwa aikinsa shi ne hana ƙwayar cutar amfani da folik asid. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa miligiram 5 a kullum na karya ƙarfin Fansidar. Akwai matan da likita zai rubuta musu babban ma'aunin saboda dalili, amma wadda ta ƙara wa kanta don neman ƙarin lafiya tana iya rushe kariyar da aka ba ta. Bitamin A mai ƙarfi kuwa, wanda ke ceton ɗan shekara biyu, yana iya nakasa ɗan tayi a farkon ciki. Shi ya sa jar ƙwayar yara ba ta mai ciki ba ce.

Labarin Jos ya nuna wani nau'in kuskuren. Littattafan likitanci sun koyar cewa karkacewar ƙafar yara, gwame da makamantansa, daga rashin bitamin D take. To yaya za a yi yaran da ke yini a rana, wadda ita ce ke sa fata ta haɗa bitamin D, su rasa shi? Likita Tom Thacher da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jos suka raba yara 123 gida uku. Sakamakon da aka wallafa a 1999 ya nuna kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda aka ba kalsiyam sun warke cikin wata shida, waɗanda aka ba bitamin D kaɗai kuwa ba su kai kashi 20 ba. Abin da yaran suka rasa kalsiyam ne, saboda tuwo ya yi yawa, nono ya yi kaɗan. Ko an tabbatar akwai rashi, sai an san na mene ne.

Sauran haɗurran na yau da gobe ne. Ayon da kalsiyam da zinki suna riƙe wasu magunguna a hanji su hana su shiga jini, ciki har da sifuro da ake sha don taifot, da tetarasaikilin. Mai amosanin jini da ake yawan ƙara wa jini ayon ya riga ya taru masa, maganin ƙarin jini na kemis cuta ne a gare shi. Ƙwayoyin ayon masu sulɓi da kama da alewa suna iya kashe ƙaramin yaro in ya samu roba a buɗe ya haɗiye da yawa. Bitamin C mai yawan gaske na kawo gudawa, ga wasu ma tsakuwar ƙoda. B6 ɗin da ke kare jijiyar mai tarin fuka, in aka daɗe ana shan mai yawa, shi da kansa yana lalata jijiya. Sannan ga kwalaben "maganin cin abinci" da 'yan mata ke saye don su yi ƙiba: da yawa an rubuta bitamin a jikinsu, amma abin da ke aikin wani maganin ƙaiƙayi ne mai sa barci da yunwa, wani lokaci ma a haɗa da ƙwayoyin da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, masu kumbura fuska su tayar da suga da hawan jini.

Mafi girman asara ita ce ta lokaci. Kasala alama ce, ba cuta ba. Tana iya zama maleriya, ko tsutsar ciki, ko suga, ko ciwon ƙoda, ko tarin fuka, ko jinin da ke tsiyaya a hanji ba a sani ba. Magidancin da ya yi wata shida yana canza kwalba bayan kwalba, ranar da zai isa asibitin koyarwa na Shika ciwon ya riga ya yi nisa, alhali gwajin jini na 'yan mintoci zai iya nuna hanya tun farko. Lambar hukumar NAFDAC da ke jikin roba tana da muhimmanci, don tana raba mai rajista da na jabu, amma ba shaida ba ce cewa abin da mai talla ya faɗa a bakin kasuwa gaskiya ne, balle ta nuna cewa kai kana bukatarsa.

Hanyar da ba ta bi ta kemis ba

Akwai amsa ta uku, kuma Samaru na da hannu a cikinta. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR, wadda tushenta ya faro tun 1922 kafin ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tana cikin waɗanda suka fitar da irin masara mai ruwan lemo, SAMMAZ 38 da SAMMAZ 39, a 2013, tare da cibiyar IITA ta Ibadan. Wannan masara tana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Hikimar ita ce iyalin da ba za su taɓa sayen ƙwaya ba kullum suna tuƙa tuwo, kuma jiki yana juya abin da yake bukata ne daga irin wannan sinadari na abinci, don haka ba a jin tsoron ya taru ya yi illa. Cikas ɗin shi ne ido da harshe sun saba da farin tuwo.

Haka kuma tun 2002 doka ta wajabta wa kamfanoni sanya bitamin A a fulawa da sukari da man girki, kamar yadda aka sa aidin a gishiri tun 1993 har maƙoƙo ya ja baya. Alamar ido da ke jikin buhu ko galan ita ce shaidar hakan. Sai dai man da ake aunawa a kwalba a buɗe, yana shan rana a bakin hanya, ba wanda zai ba da tabbacin abin da ya rage a cikinsa, don haske na lalata bitamin A.

Ga kuma abin da ke kasuwar Samaru da fadamun Galma da Kubanni: zogale, rama, alayyahu, yakuwa, kabewa, karas, tumatir, gwaiba, mangwaro, ga manja da hanta da ƙwai da nono da wake. Garin ɗan kuka na cikin abubuwan da suka fi lemo bitamin C. Yadda ake sarrafa su ma yana da tasiri. Ganye na bukatar ɗan mai ko ƙuli-ƙuli kafin jiki ya tsotsi bitamin A ɗinsa, ashe kwaɗon zogale ya dace da ilimi. Kuka ko kuɓewar da aka shanya a inuwa ta fi wadda rana ta ƙone. Kanwa mai yawa da doguwar dahuwa suna kashe wasu bitamin. Shayi a kan abinci na hana ayon shiga jini, lemo ko tumatir ɗanye kuma na taimaka masa. Gaskiya ne tsadar rayuwa ta sa ƙwai da nama sun gagari gidaje da yawa, kuma wannan ne ya sa ɗigon yara da ƙwayar masu ciki ba su da madadi a yanzu. Amma wanda ke da kuɗin robar bitamin ta ƙasar waje duk wata, yana da kuɗin cefanen da ya fi ta.

Da aka ɗora a sikeli

In aka jera hujjojin, ga yadda suka kwanta. Ga ƙaramin yaro, da mai ciki, da mai shirin ɗaukar ciki, da wanda gwaji ko wata jinya ta nuna yana da giɓi, amfanin ya rinjayi haɗarin nesa ba kusa ba, muddin an tsaya a kan ma'auni. Ga baligi mai lafiya mai cin abinci iri-iri, ƙwayar haɗin yau da kullum ba ta cika cutarwa ba, ba ta kuma cika ƙara komai ba. Ga mai shan bitamin guda mai ƙarfi na tsawon watanni ba da umarnin likita ba, musamman A da D da E da ayon, haɗarin ne a sama. Tambayoyi huɗu sun isa su nuna wa mutum layin da yake: me na rasa, wa ya auna, nawa zan sha, zuwa yaushe?

Abin takaicin shi ne rabon ya juye. Ma'aikaci da ɗan kasuwa da ɗalibin jami'a, waɗanda suka fi kowa samun abinci, su ne suka fi saye. Yaran da ɗigon zai cece su kuwa, ƙidayar 2018 ta nuna waɗanda suka same shi cikin wata shidan da suka gabace ta ba su kai rabi ba, kuma kusan mace ɗaya cikin uku ce kawai ta sha ayon na kwana 90 a lokacin da take da ciki, ga shi kuwa waɗannan kyauta ne ko kusa da kyauta. Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Maigida ya bar iyalinsa ta fara awo da wuri, ya tambaye ta ko tana shan ƙwayar, in tana sa ta tashin zuciya a koma a faɗa wa ma'aikaciyar jinya maimakon a jefa ta ƙarƙashin katifa. Mai unguwa da liman su sanar da makon ɗigo kamar yadda suke sanar da ɗaurin aure. Yanzu kuma da gwajin jini kafin aure ya zama ruwan dare a Zariya, babu lokacin da ya fi wannan dacewa a gaya wa amarya ta fara shan folik asid maikurogiram 400 tun kafin ta tare, domin makonnin da ya fi amfani a cikinsu suna wucewa kafin kowa ya san an samu rabo.